Hattara da masu tallar "man ƙuna" a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Akwai wata talla da ke yawo a guruf-guruf na girki da na adashi, har ta fara hawa sitatus ɗin mutanen da ake ganin girmansu. Wani mai ne a 'yar roba fara, ba suna ba takarda, wai haɗin sirri ne na ƙunar kicin: kwana uku an warke, ba tabo ba raɗaɗi. Don Allah kada ku saya. Wadda kuma ta riga ta saya, kada ta shafa wa kowa.

Salonsu ɗaya ne. Za a turo hoton hannu a ƙone, sannan hoton hannu sumul. Ki tsaya ki duba da kyau, sau da yawa ko farcen ba iri ɗaya ba ne. Sai boyis ya biyo baya, wata na rantsuwa tana "Hajiya Allah Ya saka, wallahi kamar ban taɓa ƙonewa ba." Kina nuna sha'awa za a ce saura uku, yau kaɗai ake ragi. Lambar asusun da za a ba ki sunan wani namiji ne, in kin tambaya a ce ƙaninta ne. Alat na shiga sai a ɓullo da kuɗin mota. Wasu daga nan za su toshe lambarki, shi ke nan. Ni a ganina waɗannan ma su ne masu sauƙi, domin kuɗi kawai suka ci.

Masu turo kayan su ne matsala. Babu wanda ya san abin da aka dama a robar nan. Ba lambar rajistar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ranar lalacewa, ba adireshin wanda ya haɗa. In kin ga lamba a jiki ma kada ki saki jiki, ana iya kwafo ta wani kaya a manna. NAFDAC na da rumbun Greenbook a intanet, inda za ki sa lambar ki ga ko sunan maganin ya yi daidai. Abin tsoron shi ne a cakuɗa irin mayukan bilicin masu sinadarin siteroyid, kamar clobetasol. Yana kwantar da ja da ƙaiƙayi, ki ɗauka sauƙi ne, alhali yana jinkirta warkewar ciwo, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Amma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne umarnin da suke haɗawa da shi: wai kada ruwa ya taɓa wurin, ruwa ne ke sa bororo, a shafa mai nan take. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Idan man suya ya fallatsar miki, ko talge ya yi tsalle ya sauka a bayan hannu, ko tururi ya doke ki wajen buɗe tukunya, zafin bai gama aiki ba don kin janye hannu. Yana nan yana cin naman da ke ƙarƙashin fata. Ruwa ne ke zare shi. Mai kuwa, kowane iri ne, rufe shi yake yi a ciki.

Saboda haka ki sa hannun ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba, minti 20 cur. Ki duba agogo, domin minti 20 da hannu a ruwa yana da tsawo, yawancinmu a minti biyu muke gajiya. Ba famfo? A cika buta ko kofi daga randa, wani ya riƙa zuba miki. Ko an makara, sanyayawar na da amfani har cikin awa 3 na farko. Ban da ƙanƙara, ita ma lahanta fata take yi. Tun ruwan na zuba ki cire zobe da awarwaro da agogo kafin kumburi ya riga ki. Wata yarinya mai tuyar awara a layinmu, uwar ɗakinta ta lafta mata man nan ta ɗaure da tsumma, ba wanda ya tuna da zoben azurfar da ke yatsarta. Washegari yatsar ta kumbura ta haɗiye zoben, sai a asibiti aka yanke shi, bayan an sha fama wajen wanke man daga ciwon, tana kuka.

Makilin, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, toka, baƙin mai: duk a bar su, duk da na san da su aka rene mu. Kada a fasa bororo, shi ne murfin ciwon. Bayan sanyayawa a shimfiɗa sabuwar ledar naɗe abinci a kai sako-sako, ko a zura hannun cikin leda mai tsabta, ko bandeji marar mannewa. Auduga tana liƙewa, a guje ta. Farasitamol ya isa rage zafi, a kuma riƙa ɗaga hannun sama.

Hannu ba wurin wasa ba ne. In bororon ya hau gaɓar yatsa, ko tsakanin yatsu, ko tafin hannu, a tafi asibiti, domin yatsu na iya mannewa ko ƙanƙancewa in ya warke ba daidai ba. Haka in wurin ya yi fari ko baƙi, ko ba kya jin zafinsa sam, ko ƙaramin yaro ne, ko mai ciwon suga. In bayan kwana biyu ya fara wari, ruɓa ko zazzaɓi, kada a jira. A tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus. In akwai man da ya dace, shi zai rubuta.

Wadda aka riga aka damfara, ki adana hoton hirar da shaidar tiransifa, ki sanar da bankinki, ki kai robar ofishin NAFDAC na jiharku. Masu kula da guruf kuma, don Allah ku sauke tallar, ko da 'yar uwarku ce ta ɗora.