Hattara da masu tallar tsofaffin gem ɗin talabijin da sunan "na ainihi daga Japan"

Jama'a, musamman tsararrakina da suka yi ƙuruciya a shekarun 1990, ku tsaya ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisi. Akwai wani mutum, ko kuma gungun mutane ne, da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallar tsofaffin gem ɗin talabijin, Nintendo da Sega, yana cewa na ainihi ne an kwaso su daga Japan. Ni ya cuce ni, ya cuci abokina, kuma har yanzu yana nan yana talla da sabon suna.

Bari in fara da abin da ya sa na faɗa tarkonsa, don na san abin da zai ja wani ke nan. Ina aji huɗu na firamare yayanmu ya shigo gida da gem ɗin farko da na taɓa riƙewa. Daga Sabon Gari ya sayo shi, da hannun buga wasa guda biyu da bindigar roba da kaset guda mai ruwan ɗorawa, an rubuta a jikinsa wai wasanni 9999 ne a ciki. Da ka kunna sai ka ga bai wuce wasa goma sha wani abu ba, ana ta maimaita su da sunaye daban. Amma mu ina ruwanmu? Akwai Super Mario, akwai Contra, akwai na tankar yaƙi da muke kare mikiyar nan da ke ƙasan allo, akwai na harbin agwagi wanda kare ke fitowa ya yi maka dariya in ka kuskure. In kaset ya ƙi kawowa a zare shi a hura masa iska, a goga shi a riga, a mayar. Adafta ta yi zafi har ba ta taɓuwa, Baba yana faɗa wai za mu lalata masa talabijin. Ranar da na kusa ƙure Mario, ina cikin gidan dodon ƙarshe, NEPA ta ɗauke wuta, na yi kuka wiwi a gaban ƙannena. Shekara talatin ke nan, ban manta ba.

To ka ga mutumin da ke ɗauke da wannan a zuciyarsa, yanzu ya girma yana da albashi da 'ya'ya, sai ya ci karo da hoton gem fari da ja a kan darduma, an rubuta "Nintendo Famicom na asali, saura biyu kacal". Hankali ba ya tsayawa.

Na yi masa magana. Bakinsa da daɗi, "Alhaji" yake kirana tun daga saƙon farko. Ya ce ƙaninsa ne ke aiki a wurin masu shigo da kayan gwanjo, shi ke ware masa su. Ya turo ɗan gajeren bidiyo ana buga Mario, amma kyamarar tana kan talabijin ne kawai, ba a nuna wayar da ta haɗa gem ɗin da talabijin ba. A lokacin ban lura ba. Muka daidaita a kan naira dubu tamanin da biyar, da kaset biyar. Ya ce in ba da rabi kafin alƙalami, ragowar in kaya sun iso. Da na ce zan turo wani ya gani da ido tunda ya ce a Legas yake, sai ya ce, "Haba Alhaji, ai tsakaninmu amana ce, kuma wallahi akwai mutum biyu da ke jira." Na tura. Bayan kwana biyu ya kira ya ce kaya suna tasha, amma direba ba zai saki ba sai ya ga alat na cikon kuɗi. Na je tasha, ga kwali a naɗe da selotef, direban ya ce shi umarnin da aka ba shi ke nan, ba a buɗewa. Na cika kuɗin a tsaye a nan.

Tun da na ɗaga kwalin na ji shi shafal, gabana ya faɗi. Da na buɗe a gida, warin sabuwar roba ya buge ni. Abin da aka ce ya shekara kusan arba'in ba ya warin sabuwar roba.

Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, wanda tun muna yara shi ke gyara mana adafta. Ya kwance notocin, ya ɗaga murfin, ya juyo mini da shi. Ciki fayau, sai wani ɗan siririn fanel da bai kai faɗin yatsu uku ba, da ɗigon baƙin danƙo guda a tsakiyarsa kamar an ɗiga kwalta. Ya ce, "Yaro, wannan ai sabo ne, irin na kasuwa. Nawa suka karɓa?" Da na faɗa masa sai ya yi shiru, ya mayar da notocin ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan na zauna na yi ta bincike, kuma abin da na gano shi ne ya fi damuna, don shi ne ƙofar da waɗannan mutane ke shigowa ta ciki. Yawancinmu ba mu taɓa ganin Nintendo na ainihi ba. Abin da muka buga muna yara kwaikwayo ne da ake ƙerawa a Taiwan da Chaina, aka cika kasuwannin Afirka da Rasha da Kudancin Amurka da shi. Ba abin kunya ba ne, shi ne abin da iyayenmu suka iya saye kuma ya faranta mana rai. Amma ma'anarsa ita ce idon da za mu gane na asali da shi babu. In aka nuna mana jabu, shi ne ma ya fi kama da abin da muke tunawa.

Ga yadda na gasken yake. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a Japan a watan Yulin 1983. Fari ne da ja, kuma hannayensa biyu a ɗinke suke da jikinsa, ba a zare su. Hannu na biyu ba shi da maɓallin Start da Select, a madadinsu akwai 'yar makirfo. Ta wayar eriya kaɗai yake haɗuwa da talabijin, ba shi da ramukan nan na rawaya da fari da ake jona wayar hoto da sauti. A ƙarƙashinsa akwai lambar HVC-001. Sai a 1993 suka fitar da wani sabon samfuri mai ruwan toka, HVC-101, wanda ake zare hannayensa. Saboda haka duk wanda ya nuna maka fari da ja mai hannun da ake zarewa, da ramukan rawaya da fari a baya, ya ce haka ya fito daga kamfani, ƙarya yake. Nawa haka yake. In ka buɗe na asali za ka tarar da babban fanel cike da kayan wuta, da manyan ƙwayoyi biyu dogaye na kamfanin Ricoh, da sunan Nintendo a rubuce a jikin fanel ɗin.

Wanda aka sayar a Amurka daga 1985, wato NES, akwati ne mai ruwan toka da ake tura masa kaset ta gaba. Kaset ɗinsa babba ne mai haƙora 72, na Famicom ƙarami ne mai haƙora 60, ɗaya ba ya shiga ɗaya. Mutumin nan yana haɗa hoton NES da ƙananan kaset a talla guda, ya ce saiti ne. Wannan kaɗai ya isa ya tona shi a wurin wanda ya sani.

Sannan akwai maganar wuta, wadda ba ya taɓa ambata. Japan na amfani da wuta mai ƙarfin 100, Amurka 120, mu kuwa tamu ta haura 220. In da gaske daga Japan abin ya zo da adaftarsa ta asali, kana jona shi a bangon ɗakinka zai ƙone. Mai sayar da kayan gaskiya shi zai fara yi maka wannan kashedin. Wanda ya ce maka "kai dai jona kawai" ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya san ba daga Japan ya zo ba. Haka bindigar harbin agwagi: da tsohuwar talabijin mai ƙeya take aiki, ba ta aiki da shafaffun talabijin na yanzu, saboda yadda take karanta hasken allo. Shi kuwa ya rantse mini za ta yi a kowace iri.

Kaset biyar ɗin ma duk jabu ne. Sitikarsu tana sheƙi fiye da kima, rubutun ya ɗan dusashe kamar an yi hoton hoto, a gefe guda har ta fara ɓarewa. A nan sai a yi hankali, don akwai wasu kaset na asali da su ma suke da ɗigon baƙin danƙon nan a ciki, ba shi kaɗai ake dubawa ba. Amma in ka ga fanel sabo fil ba sunan kamfani, ko kaset guda da wasanni ɗari, to ba ruwansa da Nintendo.

Ni dai na samu kwali. Abokina ko kwalin bai gani ba. Shi Sega Mega Drive yake nema, wanda ya fito a 1988, don ya nuna wa ɗansa Sonic da Mortal Kombat da muke bi gidan maƙwabta muna leƙe ta taga. Ya ba da kafin alƙalami, aka ce mota ta lalace a Lokoja, aka nemi ƙarin kuɗin sauya mota, ya ƙara. Washegari lambar ta daina shiga, an kuma yi bulokin ɗinsa. Da muka haɗa saƙonninmu sai muka ga kalamai iri ɗaya ne, har "mutum biyu na jira" ɗin, amma lambar akawun daban, sunan mai akawun ma daban da sunan da yake talla da shi. Wannan ya kamata ya tsayar da ni tun farko. Na tambayi mai tallar a lokacin, ya ce akawun matarsa ne, na yarda.

Yanzu kuma ya ɓullo da wata hanya da ta fi waccan haɗari, don kuɗin da yake nema ya fi yawa. Yana turo labarin cewa an sayar da kaset ɗin Super Mario Bros. guda a kan dala miliyan 2, sai ya ce ga irinsa a hannunsa a kulle cikin leda, ka saya ka ajiye jari ne. Labarin gaskiya ne, ya faru a Amurka a watan Agustan 2021, kuma wata guda kafin nan an yi gwanjon Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56. Amma waɗancan kaset ne da ba a taɓa buɗe kwalinsu ba tun daga kamfani, masu tantancewa sun duba su sun ba su maki. Shi wasan Super Mario Bros. kansa an sayar da fiye da kwafi miliyan 40 a duniya, ba abu ne mai wuyar samu ba. Leda kuwa, duk mai injin liƙe leda zai naɗe maka kwali ya yi kyau. Ka tambayi kanka me zai sa wanda ke riƙe da abin dala miliyan ya sayar maka a naira dubu ɗari biyu ta WhatsApp.

Haka kuma ƙaramin gem ɗin nan da ake ce wa mini. Nintendo ya fitar da NES Classic a 2016, wasanni 30 ne a ciki kuma da wayar HDMI yake aiki. Na Super Nintendo ya biyo baya a 2017 da wasanni 21. Wanda mutumin nan ke tallatawa an rubuta wasanni 620 a kwalinsa, ga wayar rawaya da fari. Ana samun irinsa da arha a kasuwa, kuma in an faɗa maka gaskiyar abin da yake ka saya don yara su yi wasa, babu laifi ko kaɗan. Laifin shi ne a karɓi kuɗin na asali a miƙo maka shi.

In har za ka saya a wurin wanda ba ka sani ba, ka sa ya yi kiran bidiyo kai tsaye, ya juya maka ƙasan gem ɗin ka karanta lambar, ya jona shi kana kallo daga soket har allo. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kayan ya ɗauki hoto. Ka ce ya kwance kaset guda ka ga cikinsa. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan, don shi ma haka yake yi in zai saya. Kada ka yarda da sharaɗin cika kuɗi kafin buɗe kwali, kuma in sunan akawun ya saɓa da sunan mai talla, ka tsaya a nan. Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar da rasit da hotunan hirar, kada ya jira kwana uku kamar yadda na yi ina fatan mutumin zai ɗauki waya. Ya kuma kai ƙorafi wurin 'yan sanda ko EFCC. Mu mun kai namu, muna jira.

Ba zan rubuta suna ko lambar waya a nan ba, don sunayen da yake amfani da su wataƙila na bayin Allah ne da ba su san hawa ba su san sauka ba, kuma yana sauya su duk mako. Abin da bai sauya ba shi ne hoton: gem fari da ja a kan jar darduma mai zanen furanni, kaset biyar a jere a gabansa, na tsakiyar mai ruwan ɗorawa, da ƙafar kujerar roba shuɗiya ta leƙo daga kusurwar dama. Shekaranjiya na sake ganinsa a wani zauren saye da sayarwa, an rubuta "saura biyu kacal", kuma mutum shida sun riga sun tambayi farashi a ƙarƙashinsa.