Ɗaukar ɗan jagora a Tokyo: abin da kuɗinka zai saya maka

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayar da 'yan kasuwa da masu zuwa taro suka fi aiko wa mazauna Japan ita ce: idan mutum yana da yini ɗaya tak a Tokyo, ya dace ya ɗauki ɗan jagora na kansa, ko ɓarnar kuɗi ce? Ya dace, musamman ga Musulmi, amma da sharaɗin a gama duk magana da shi tun kafin ranar. A nan muka sha bamban da mutanen Japan. A Kano, in ka je Kurmi ko marinar Ƙofar Mata, nan take za ka sami mai zagayawa da kai, ku daidaita a tsaye, in ka sauya shawara a hanya ya bi ka. A Japan ba a ciniki a tsaye. Abin da aka rubuta aka amince shi za a yi, a kan lokacinsa, ba ragi ba ƙari. Wanda ya bar buƙatarsa sai ranar yawo, zai tarar da ladabi mai yawa da ban haƙuri, amma buƙatar ba za ta biya ba.

Masu jagora iri uku ne. Akwai masu lasisin gwamnati, waɗanda suka ci jarrabawar harshe da tarihi da labarin ƙasa. Kafin 2018 su kaɗai doka ta yarda su karɓi kuɗi a kan wannan aiki, amma daga shekarar aka buɗe ƙofa ga marasa lasisi, don haka yanzu sai ka tambaya. Na uku su ne 'yan sa-kai, galibi dattawan da suka yi ritaya. Ba sa karɓar lada, sai dai kuɗin jirgin ƙasansu da abincinsu da tikitin shiga wurare duk a kanka suke. Jagora na haya yakan sa farashi a kan ayari gaba ɗaya, na awa huɗu ko shida ko takwas, ke nan iyali ko abokan tafiya huɗu sun fi mutum ɗaya cin riba. A karanta da kyau: yawanci farashin bai haɗa da abinci da sufuri da kuɗin shiga ba. Tukuici kuwa ba al'adarsu ba ne, a gidan abinci ma in ka bar canji za a biyo ka da shi har bakin titi.

Saƙonka na farko ya ƙunshi yawanku, ko akwai tsoho ko yaro, abin da ba kwa ci, da lokutan salla. Yawon ƙafa ne da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da hawa da saukar matakala ba iyaka. Mai ciwon gwiwa ya faɗa tun da wuri a nemo masa tashoshi masu lif. Ranar ma a zaɓe ta da lissafi. Litinin yawancin gidajen tarihi a rufe suke. Kasuwar Tsukiji ba ta ci ranar Lahadi da wasu Larabobin. Lambun gabas na fadar sarki yana rufe Litinin da Juma'a. Talata da Alhamis da Asabar su ne suka fi tsira.

Abinci shi ne inda jagora yake cin kuɗinsa da gaske. Mutanenmu sukan ɗauka in sun kauce wa naman alade shi ke nan, ga kifi ga shinkafa. Matsalar ba a saman kwano take ba, a cikin romo da miya take. Girkin Japan yana tsaye ne a kan abubuwa kaɗan: dashi, da shoyu (baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri na tsimammen waken suya), da miso (tsimammen ƙullun waken suya), da mirin, da sake. Dashi romo ne na ganyen teku mai suna kombu da ɓarzajjen busasshen kifi da ake kira katsuobushi. A lita ɗaya ta ruwa ana sa kamar giram 10 na kombu, a cire shi kafin ruwan ya tafasa don kada ya yi yauƙi da ɗaci, sannan a zuba kamar giram 20 na kifin, a bar shi minti ɗaya ko biyu a tace. Wannan ba shi da wata illa. Amma sake giyar shinkafa ce, mirin kuma giya ce mai zaƙi da barasarta ta kai wajen kashi 14 cikin ɗari, kuma ana zuba su a kusan duk abin da aka dafa da miya: wainar ƙwan da ake sayarwa a tsinke a Tsukiji, miyar da ake tsoma tempura (kifi ko kayan lambu da aka soya cikin ƙullun fulawa), ruwan da mai sushi (dunƙulen shinkafa da kifi a kai) yake shafawa a kan kifi kafin ya miƙo maka. Ramen kuwa, wato taliya cikin romo, mafi shahararsa da ƙashin alade ake dafa romonsa, wanda aka ce na kaza ne ma sau da yawa gauraye yake. Shi kansa shoyu yana da ɗan burbushin barasa da ke fitowa wajen tsimuwa, malamai sun saɓa a kansa, kowa ya san matsayarsa kafin ya zo, akwai kuma mai shaidar halal.

Tambayar "akwai alade a ciki?" ba ta isa ba, domin mai shago zai ce babu da zuciya ɗaya, yana nufin babu yankan nama, bai lissafa romo da kitse ba. Jagora nagari zai tambaya ɗaya bayan ɗaya: romon na mene ne, da wane mai aka soya, an sa mirin ko sake. Zai iya roƙa maka tempura da gishiri maimakon miya, da sushi ba tare da an shafa masa komai ba. Ga mai duba kwalin kaya a kanti, haruffa biyu sun cancanci a adana hotonsu a waya: 豚 alade ke nan, 酒 kuma giya. Yankin Asakusa da Ueno na cikin wuraren da aka fi samun gidajen abinci masu shaidar halal, har da masu ramen da gasasshen naman shanun Japan da ake kira wagyu, sai dai ƙanana ne, a sa jagora ya kama kujera tun da wuri.

Da Tsukiji ake farawa, da misalin ƙarfe takwas na safe, domin da rana ta yi tsaka shaguna sun fara naɗe kaya. Babbar kasuwar gwanjon kifi ta koma Toyosu a 2018, abin da ya rage shi ne lungunan waje masu ƙananan shaguna, kuma ga baƙo su suka fi amfani. A tsaya a shagon katsuobushi a roƙi a nuna guda wanda ba a ɓarza ba. Kifi ne da aka dafa, aka yi masa hayaƙi sau da yawa, aka shanya, har ya koma kamar guntun icce, in an ƙwanƙwasa biyu sai su yi ƙara. Da wani abu mai kama da abin fere katako na kafinta ake ferewa, ya fito sirara har ana hango haske ta cikinsa. Wanda aka ba natto, waken suya da aka tsima mai yauƙi da wari, kada ya tsorata: ƙwayar halittar da ke tsima daddawarmu ita ce ke tsima shi. Ba a ci ana tafiya, a gaban shagon ake tsayawa a cinye a mayar wa mai shago da tsinke da takarda, don kwandon shara ba shi da yawa a titi. A riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna da dama ba sa karɓar kati.

Tarihin ma a cikin abincin yake, in jagoran ya iya bayani. A shekarar 675 sarki Tenmu ya hana cin naman wasu dabbobi saboda koyarwar addinin Buddha, aka shafe ƙarnuka ana ƙyamar nama, har sai 1872 da aka sanar sarki Meiji ya ci naman sa. Shi ya sa suka ƙware a kifi da waken suya haka. Tempura daga Turawan Fotugal suka koyo ta a ƙarni na 16. Sushi irin na yau, dunƙulen shinkafa da kifi a kai, abincin tebur ne na bakin titi a birnin Edo a ƙarni na 19, na leburori da masu sauri. Edo shi ne tsohon sunan Tokyo. Wani shugaban mayaƙa mai suna Tokugawa Ieyasu ya kafa mulkin gidansu a nan a 1603, suka riƙe ƙasar har 1868, lokacin da mulki ya koma hannun sarki aka sauya wa birnin suna.

Daga Tsukiji jirgi ɗaya ne daga tashar Higashi-ginza zuwa Asakusa, inda Senso-ji yake, wurin bautar Buddha mafi daɗewa a birnin, wanda asalinsa ke komawa ƙarni na 7. Ginin da ake gani yau ba na da ba ne. Ruwan bama-bamai na Maris 1945 ya ƙone babban ɗakin, aka sake gina shi a 1958, ƙofar Kaminarimon mai ƙatuwar jar fitila kuma a 1960. Tokyo gari ne da gobarar 1657 da girgizar ƙasar 1923 da yaƙi suka cinye bi da bi, don haka tsohon gini na ainihi kaɗan ne, kuma marar jagora zai yi ta ɗaukar hoton siminti yana zaton shekara dubu ne. Jagora yakan gayyaci baƙi su shafa hayaƙin turare, su jefa kuɗi, su zari takardar duba. A gaya masa tun a saƙo cewa kallo da bayani kawai ake so. Ba sa jin haushi ko kaɗan.

Tsakanin Asakusa da Ueno akwai titin Kappabashi, na kayan girki zalla. Wuƙaƙensu sun cancanci sunan da suka yi, amma a san abin da ake saya. Mai baƙin ƙarfe ta fi kaifi, sai dai tana tsatsa in an bar ta da lema, kuma bakinta yana ɓallewa in aka sari ƙashi da ita. Ba ta aikin mahauci ba ce. Mai kaifi gefe ɗaya an yi ta ne don hannun dama ko hagu, a tantance. A bar ta a naɗe yadda shago ya naɗe ta tare da rasit, domin dokar ƙasar ta hana yawo da wuƙar da tsawon ƙarfenta ya wuce santimita 6 ba tare da dalili ba, kuma a babbar jaka za ta shiga jirgi.

Azahar da la'asar suna samun wuri a nan, akwai masallaci a Okachimachi dab da Ueno, akwai wani a ɓangaren Asakusa. Babban masallacin Tokyo Camii yana can Yoyogi-Uehara, ya yi nisa da wannan hanya sai dai in Juma'a ce.

Gidan tarihi na ƙasa da ke Ueno, wanda aka kafa a 1872, ba ya ganuwa duka a yini. Da awa biyu a hannu, a tsaya a babban ginin Honkan: takubba, sulken mayaƙan da ake kira samurai, rigunan gargajiya na kimono, kwanukan shayi, da zanen bugun katako da ake kira ukiyo-e. Wannan zane aikin mutum huɗu ne: mai zane, masassaƙi, mai bugawa, da ɗan kasuwar da ya zuba jari. Kowane launi da nasa allon katakon ceri, ana sassaƙa 'yar alama a kusurwa don takarda ta zauna wuri ɗaya kowane bugu, in ta goce ko da kaurin gashi ne launuka sun hau juna, aiki ya lalace. Babu injin matsi, da wani faifai na hannu ake murza bayan takardar. Mai son ganin sanannen zanen igiyar ruwa na Hokusai, na wajen 1831, ya sa jagora ya bincika tukuna, don haske yana kashe launin, ana fito da irin waɗannan na 'yan makonni ne a mayar.

Ga mutumin Kano ko Zariya, abin da zai fi tsaya masa a rai shi ne rinin shuɗi da suke kira aizome. Ganyen wani irin baba ne da aka tsima, da ruwan toka, a tsoma zane a fito da shi kore, iska ta mayar da shi shuɗi, har ɗaurin da ake yi wa zane kafin rini suna da shi, sunansa shibori. Aikin marinarmu ne sak. Bambancin yana wajen sayarwa: a Japan ɗan ƙyalle yana zuwa cikin kwali da takardar da ta faɗi inda aka noma baban da yadda za a wanke shi, a sa masa kuɗi mai tsoka, a kuma karɓi kuɗin baƙo ya zauna awa ɗaya ya rina hankicinsa da hannunsa. Mai niyyar gwadawa ya nemi jagora ya kama masa gurbi kwanaki kafin ranar, ya kuma sa tufafin da ba ya jin asararsu.

Abin da ya fi ɓata irin wannan yini shi ne makara. Jagora yana isowa kafin lokaci, awanninsa kuma daga lokacin da aka rubuta suke fara ƙirguwa, ko kana nan ko ba ka nan. Gidan abincin da aka kama wa kujera yana iya sakin ta in an wuce 'yan mintuna, gidan tarihi yana daina shigar da mutane rabin awa kafin rufewa. A sayi katin shiga jirgin ƙasa na Suica ko Pasmo a zuba masa kuɗi tun daren da ya gabaci ranar, a sa takalmi mai sauƙin cirewa da safa mai tsabta, a kuma tabbatar da lambar ƙofar tashar da za a haɗu, domin tasha ɗaya tana iya samun ƙofofi fiye da goma.