Madubi, ƙafar salula da manhajar golf: wanne ya ci kuɗinsa a Damagaram?

Kaya uku na yi amfani da su don gyara buguna na golf: ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora salula a kai, manhajar da ke yanka bidiyon bugu tana zana masa layuka, da madubin da ake shimfiɗawa ƙasa don koyon tura ƙwallo rami. Ƙarfen da madubin daga Kano na taho da su, duka biyun ba su kai jika ashirin ba. Manhajar a salula na sauke, kyauta da farko, daga baya sai biyan wata-wata. Biyu sun ci kuɗinsu. Manhajar kuwa, wadda ta fi su tsada ta kuma fi su surutu, na sallame ta.

A Kano na koyi wasan, wajen abokan kasuwanci, kuma can nake samun fili na gaske in tafiya ta kama. Nan gida babu mai koyarwa, babu ciyawa. Garin da ake lissafin jarkar ruwan sha, wa zai shayar da filin ramuka 18? Sai na samu wani fage mai yashi a bayan gari, hanyar Mirya, tsakanin duwatsu. Mutanenmu sun san kokowa, sun san langa da fetanki, amma dattijo yana saran ƙasa da sandar ƙarfe abin kallo ne, ƴan kabu-kabu har tsayawa suke.

Ciwona ɗaya ne, kuma shi ne ciwon yawancin masu bugu da hannun dama: ƙwallo ta tashi sak ko ta ɗan yi hagu, tana kaiwa tsakiyar tafiya sai ta karkace dama kamar akuyar da ta hango dusa. Don shi na nemi manhajar.

Ba zan ci haƙƙinta ba, tana da kyan gani. Za ka tsayar da hoto inda kake so, ka ja layi daga kan sanda zuwa ƙugu, ka jera bugunka gefe da gefe da na wani gwani. Amma abin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne ta duba da kanta ta faɗa maka laifinka, kuma nan ta gaza. Na farko dai, ba ta san riga ba. In na sa doguwar riga sai ta rasa gwiwa ta rasa ƙugu, ta liƙa ɗigon gwiwa a bakin aljihu, sannan ta yanke hukunci a kan haka. Dole sai wando da ƴar shara. Na biyu, sai ta tura bidiyon intanet kafin ta yi magana, rezo kuma a bayan gari sai a hankali. A zafin Afrilu salular kan ɗauki zafi ta rufe kyamara kafin amsa ta dawo.

Babban aibinta shi ne ba ta damu da inda aka ajiye kyamara ba. Ƙa'ida ita ce in za a ɗauka daga baya, kyamara ta tsaya daidai tsayin hannuwa, a kan layin hannuwan, tana kallon inda ake nufi. Ka gusar da ita kamu ɗaya dama ko hagu, bugu ɗaya zai fito da kama biyu: yanzu sanda ta bi ta waje, anjima ta bi ta ciki. Ɗan ƙanwata ne yake riƙe mini salula kafin in sayi ƙarfen, shi ya fara lura. Ya ce, "Kawu, jiya ta ce kafaɗa, yau ta ce ƙugu, ni kuwa ban ga abin da ka sake ba, ni ne dai na sake wurin tsayuwa." Wannan ne ya sa ƙarfen ya fi manhajar amfani. Na sa duwatsu uku alamar inda ƙafafunsa ke zama, kullum wuri ɗaya, sai bidiyon jiya da na yau suka zama abin gwadawa. Kyamarar salula mai rage gudu ta isa, ba sai an biya kowa ba. Aibin ƙarfen rashin nauyi, iskar hunturu na kayar da shi. Ina rataya masa buhun yashi ƙarami.

Akwai kuma abin da kyamarar salula ba za ta nuna maka ba. Sanda da ƙwallo suna haɗuwa kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Salula mai kyau tana ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, ke nan tsakanin hoto da hoto kan babbar sanda, wato ta bugun nesa, ya yi tafiyar wajen santimita 17. Lokacin da komai ke faruwa ya faɗa tsakanin hotuna biyu. Shaidar da ta rage ita ce tafiyar ƙwallon kanta. Inda ta fara nufa, yawanci fuskar sanda ce ta aika ta can. Lanƙwasar kuma daga saɓani take zuwa, tsakanin inda fuskar ke kallo da hanyar da sandar ta bi. In ta karkace dama, fuskar a buɗe take idan an gwada ta da hanyar. Da na kama wannan, sai na bar zancen ƙugu na dubi riƙo. Hannuna na hagu ya kwanta ƙarƙashi, gaɓar yatsa ɗaya kawai nake gani in na sunkuya. Na murɗa shi dama har ina ganin biyu zuwa uku, kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni yana kallon kafaɗar dama. Farkon abin hannu ya ƙi, ƙwallaye suka riƙa cin ƙasa ta hagu. Daga baya lanƙwasar ta ragu ƙwarai. Ba ta tafi duka ba, in na ce zan nuna ƙarfi tana dawowa.

Sauran binciken alli da yashi suka yi mini, kyauta. Goga allin ƴan lakkal a fuskar sanda ka buga, tambarin ƙwallo zai fito; nawa yana can gindi kusa da mariƙi, wanda da babbar sanda shi ma yana ƙara karkatar da ƙwallo dama. Sannan ka ja layi a yashi ka riƙa sara da sandar ƙarfe mai lamba 7 ba ƙwallo. Ramin saran ya kamata ya fara daga layin zuwa gaba. In ya fara baya, sau da yawa nauyinka ne ya maƙale a ƙafar dama. Mai filin ciyawa sai ya je ramin yashi kafin ya yi wannan, mu kuwa ko'ina ka taka makaranta ce.

Madubin shi ne abin da na fi jin daɗinsa. Faranti ne na roba mai layuka, da gurbin ɗora ƙwallo da ƴan hudoji da ake soka tsinke a yi ƙofa. Kana sunkuyawa za ka ga idanunka: ya kamata su sauka kan layin ƙwallo ko su ɗan yi ciki kaɗan. Nawa sun zarce waje, kafaɗuna kuma suna kallon hagu, shi ya sa nake jan ƙwallo ta gefen hagu alhali ina rantsuwa na saita daidai. Faɗin rami milimita 108 ne. Daga mita uku, in fuskar sanda ta kauce digiri ɗaya tak, ƙwallo ta kauce sama da santimita biyar, ta kai leɓen rami ke nan. Ido ba ya kama digiri ɗaya, amma tsinken ƙofa na kamawa, ƙwallo na taɓa shi ka ji ƙas. Ya kuma kwantar mini da rai da na san ko manyan ƙwararrun Amurka, daga mita biyu da rabi, kusan rabi kawai suke zurawa.

Madubin ba ya son ƙasarmu. Yashi na karce shi, in ka goge ƙura da bakin riga ka gama da shi. Hura masa iska, ko ka ɗauraye. A rana kuma hasken zai dawo maka cikin ido, don haka a zaure nake aiki da shi, kan kafet, bayan la'asar. Kada a bar shi cikin mota a rufe, roba ce, tana iya lanƙwashewa.

Abin da ba ya koyarwa shi ne ƙarfin turi. Saiti kawai ya sani. Simintin zaure gudu ne da shi, kafet kuma kowane da nasa jan, babu wanda ya yi daidai da fagen rami na gaske. Duk lokacin da na sauka Kano, ƙwallayena na bin layi tsaf amma su tsaya kamu biyu kafin rami ko su wuce shi da nisa, sai na ci rabin wasa kafin hannu ya gane. Yanzu nakan isa fili da wuri, in yi ta dogayen turi daga mita takwas zuwa goma kafin abokan wasa su iso.