Gola Ya Ajiye Safar Hannu: Kocin Gololi Ko Babban Koci?

In mai tsaron raga ya yi ritaya kuma bai son barin fili, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko ita ce horar da gololi. Aiki ne na bayan fage: 'yan wasa uku ko huɗu kawai ke hannunka, kana koya musu tsayuwa, fitowa kama kwana da karantar mai bugun fenareti. Ike Shorunmu, tsohon golan Super Eagles, wannan aiki yake yi lokacin da Stephen Keshi ya ci kofin Afirka a 2013, amma mutum nawa ke tunawa? Ba suna, sai dai akwai kwanciyar hankali.

Ta biyu ita ce babbar kujera, mai daɗi da zafi. Dino Zoff ya ɗaga kofin duniya a 1982 a matsayin golan Italiya yana ɗan shekara 40, ya ciyo wa Juventus kofin UEFA a 1990 a matsayin koci, ya kuma kai Italiya wasan ƙarshe na Euro 2000. Faransa ta doke su, sukar da ake masa ta yi yawa, ya ajiye aiki. Julen Lopetegui kuwa, shi ma tsohon gola, Sifaniya ta sallame shi daga kujerar koci ana saura kwana biyu wasanta na farko a kofin duniya na 2018. Real Madrid da ta ɗauke shi ita ma ta kore shi a watan Oktoba, bayan Barcelona ta zura musu 5-1. Sai a 2020 ya share hawaye da kofin Europa a Sevilla.

Ni dai da za a tambaye ni, gara ta farkon. Wanda ya shekara ashirin ana ɗora masa laifin kowace ƙwallo, me ya kai shi neman ƙari?