Sefa 185,000 na biya, bel ɗin maigadi aka aiko min

Assalamu alaikum jama'a. Kwana tara ke nan ina haɗiye wannan magana saboda kunya, yau dai ta ƙi haɗiyuwa. Sefa 185,000 wani ya ci min. Dubu ɗari da tamanin da biyar, gumina, ba tsintuwa na yi ba.

Tun kafin wani ya fara surutu: ba bindiga na saya ba, ba ni da ita a gida, kuma ban aiki kowa ya kawo min ba. Duk wanda ke Kamaru ya san dokar makamai ta 2016 ba abin wasa ba ce. Waɗanda suka san ni a nan Garwa sun san ina zuwa Afirka ta Kudu saro kayan gyaran mota. A can wani abokin hulɗata ya fara kai ni filin harbi na kulob ɗinsu, ina harba ƙaramar bindigarsa ƙirar CZ Shadow 2 yana tsaye a kaina. Wasa ne mai ƙa'ida, IPSC ake ce masa, tun 1976 aka kafa ƙungiyarsa a Amurka. Ana duba ka sami abin da ka auna, ana kuma duba daƙiƙa nawa ka ci. Zan shiga gasata ta farko, 'yar ƙarama ta kulob, shi ne na ce bari in mallaki kayan ɗamara nawa: bel, kuben bindiga, da aljihu huɗu na gidan harsashi, in riƙa atisayen zarowa a ɗaki da bindigar roba, shuɗiyar nan da ba ta harba komai.

Na san abin da za ku ce. Me ya hana ka bari sai ka je can ka saya, tunda CR Speed ma, mai ƙera irin waɗannan kaya, kamfanin Afirka ta Kudu ne? Na tambayi kaina fiye da yadda za ku tambaye ni. Wata biyu nake so hannuna ya saba da wurin da kuben yake kafin in tafi. Shi ke nan dalilin. Ba araha na bi ba, ba kwaɗayi ba ne, domin farashin da mai kayan ya faɗa min bai yi ƙasa da na kasuwa ba har da zan yi zargi.

A Facebook na gan shi, da hotunan kayan kamfanin Double-Alpha na ƙasar Holan jere a kan tebur. Ya ce yana Duwala, wajen New Bell. Na rubuta masa da Faransanci, ya ga sunana, sai ya kira ni ya ce, "Haba Alhaji, ai ni naka ne, mu yi Hausa." Amma wallahi ba Hausar ce ta kama ni ba. Ga abin da ya kama ni, kuma shi nake ta juyawa a raina har yanzu. Na ce masa ina son kuben nan na alminiyam, mai tsada, wanda zakaru ke ɗaurawa. Sai ya ce, "A'a Alhaji, kada ka sayi wannan. Wancan wajen kunama kaɗai yake riƙewa, sauran bindigar a waje take, sabon hannu in ya manta bai kulle ba ya ruga da gudu sai ta faɗi, kuma bindiga mai harsashi in ta faɗi ƙasa an kore ka daga gasar gaba ɗaya. Ɗauki na Kydex, wata roba mai tauri, wanda aka gasa daidai jikin Shadow 2, ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi maka." Ku ji fa. Mai saida kaya ya hana ni sayen mai tsada. Ɓarawo ne zai rage wa kansa ciniki? Ku gaya min, wa zai yi zargi a nan?

Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya tambaye ni dama nake ko bahago. Ya ce kada in ba shi lambar wandona, in zura tef ta cikin madaukan wando in auna ƙuguna yadda zan tsaya ranar gasa. Ya ce bel ɗin biyu ne, na ciki mai laushi da ke bi ta madaukai, aƙalla uku inji doka, da na waje mai tauri da ke manne masa kamar ƙarangiya, faɗinsa inci ɗaya da rabi. Ya ce a rukunin gasa da ake kira Production, kube da aljihunan duka sai sun zauna bayan ƙashin ƙugu, kuma tsakanin bindiga da jikinka kada ya wuce milimita 50, alƙali na iya aunawa. Na buɗe littafin doka na duba, haka yake. Ni ba yaro ba ne, shekara goma sha ina ciniki tsakanin ƙasashe, na san muryar maƙaryaci. Wannan ya yi karatun abin.

Na tura 120,000 ta waya ran Talata. A'a, Laraba ce, domin ran Talata ne ya turo min bidiyon da yake ɗaga bel ɗin yana lanƙwasa shi ya ƙi lanƙwasuwa, hannu kawai ake gani, ba fuska. Yanzu nake lura da hakan. Sunan da ya fito a kan lambar ba nasa ba ne, ya ce na matarsa ne, na ce to. Bayan kwana huɗu ko biyar ya kira cikin damuwa, wai kuben Shadow 2 ya ƙare a hannunsa, sabon kaya na tsare a duwan, in taimaka da 40,000 ya cika a fitar. Kafin nan ma, na manta, ya kira ni ran Juma'a ya yi min barka da Juma'a, ya tambayi jikin Hajiya, don na taɓa ce masa ina asibiti da ita. Jikin mahaifiyata ya tambaya. Allah ya isa. Na tura 40,000. Sai 25,000 kuma, wai kuɗin koli da inshora, za a sa shi jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can mota ta ƙaraso da shi. A nan zuciyata ta ɗan yi ɗar, amma wanda ya riga ya zuba 160,000 yaya zai tsaya a kan 25,000? 120,000 da 40,000 da 25,000. Ku tara da kanku.

Da ma ya ɓace kawai, da ya fi min. Koli ya zo. Na hau babur na je ajans da rana tsaka, zafin Garwa kun san shi, na sa hannu, na ƙi buɗewa a can don ina so in buɗe a gida a natse. Ƙanena na zaune. Na yanka kwalin, sai ga bel ɗin zare baƙi mai maɓallin roba, irin wanda masu gadin kanti ke ɗaurawa, kana naɗe shi a hannu kamar rawani. Kuben kuwa na yadi ne, wai mai shiga kowace bindiga, da igiyar ɗaurawa a cinya, irin da dokar IPSC ta hana. Na zura ta roba a ciki, yatsana na taɓa kunama ta jikin yadin, ga ta tana lilo. Ba alƙalin da zai bar ka ka tako layi da wannan. Aljihun harsashi biyu ne ba huɗu ba, ɗaya ma jakar tocila ce. Sauran kwalin tsofaffin jaridu. Duka-duka a babbar kasuwa ba za su kai 6,000 ba. Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ne na Holan ɗin?" Ban amsa masa ba.

Na kira, ya ɗauka sau ɗaya, ya ce yaronsa ne ya haɗa min da kolin wani, in yi haƙuri gobe zai gyara. Gobe waya a kashe. Jibi ya toshe ni a WhatsApp, shafin ma ya sauya suna, hotunan na nan yadda suke. Daga baya abokina na Afirka ta Kudu ya nuna min hotunan a shafin wani kanti na Turai, har tabon da ke jikin teburin. Sakiyar da ba ruwa aka yi min, ina kallo.

Na kai ƙara wajen jandarma, na ba su lambobin biyu da rasit uku. Hotunan hirarmu da muryoyinsa duk suna wayata, zan sa su da daddare in na rufe lambata da sunan Hajiya. Maiɗakina har yanzu ta ɗauka 60,000 ne.

Kada ku tura ko sisi sai mutum ya kira ku ta bidiyo, fuskarsa da kayan a tare, ko ku aiki wani naku a Duwala ya taɓa da hannu. Sunan lamba in ya saɓa da na mai kaya, ku tsaya. Kuben da aka ce yana shiga kowace bindiga ba na gasa ba ne.

Ni abin da ya hana ni barci har yanzu shi ne wancan "A'a Alhaji, kada ka sayi mai tsada." Har godiya na yi masa, na ce Allah ya ƙara irinku a kasuwa. Sefa 185,000, kuma ni na yi masa addu'a. Bel ɗin yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, maigadin layinmu ya gwada ya ce ya yi masa yawa.