Hattara da mai sayar da akwatin kashe ƙarar janareta a ɗaki

Jama'a, naira 185,000 aka ci min a kan wani akwati da ba ya kashe ƙarar komai, kuma har yanzu tallan mutumin nan yana yawo a Facebook. Raina a ɓace yake, ku yi haƙuri in na haɗa gaba da baya.

Abin da yake talla wai na'urar kashe ƙara ce ta ɗaki. Ka jona ta a soket, ka ɗora a kan tebur, ta shanye ƙarar janareta da ta injin niƙa da hon ɗin 'yan adaidaita, ɗaki ya yi tsit ko da taga a buɗe take. Mu kuwa maƙwabcinmu ya kafa ƙaton janareta mai dizal a jikin katangar da ta raba mu, daidai bayan ɗakin Hajiyarmu. Da an ɗauke wuta sai gilashin tagarta ya kama rawa. Tana fama da hawan jini, likita ya ce lallai ta riƙa samun barci. Dalilin da ya kai ni ke nan.

Kada wani ya zo min da zancen wai na cika saurin yarda. Fasahar nan akwai ta, na kuma san akwai ta. Na taɓa sa abin saurare na kunne mai kashe ƙara a cikin jirgin sama, ina dannawa rugugin inji ya kwanta. Tun 1989 kamfanin Bose yake sayar wa matuƙa jirgi irinsa. Wani Bajamushe, Paul Lueg, tun 1936 ya samu takardar mallakar dabarar a Amurka. Har cikin wasu motoci ana sa ta. To in wani ya ce an yi ta ɗaki, a kan me zan ƙaryata shi?

Kuma ban tura ko sisi ba sai da na ce ya nuna min. Ya kira ni kiran bidiyo a WhatsApp. Ga janareta yana ruri har ba na jin maganarsa sosai. Ya ce, "Alhaji, kasa kunne." Ya danna maɓalli, wata shuɗiyar fitila ta kama, ƙarar ta ɗauke ɗif. Ya sake dannawa, ta dawo. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Da idona na gani, da kunnena na ji. Da na ce masa don mahaifiyata nake nema, sai ya sassauta murya ya ce, "Allah ya ba Hajiya lafiya. Ranka ya daɗe, ni ma tsohuwata na sa wa irinta. Wallahi ba zan ci haƙƙinka a kan lafiyar uwa ba." Wannan rantsuwar ita take hana ni barci yanzu. Mutum ya kama sunan Allah, ya kama sunan uwarsa, saboda naira 185,000. Sai daga baya nake ta tuna cewa duk tsawon kiran nan hannunsa na hagu bai taɓa shigowa cikin hoto ba, janaretan ma ban gan shi ba, ƙararsa kawai na ji. Daga wata lasifika yake kunno ta yana kashewa, ba ni da shakka.

Kuɗin na'ura 150,000. Sai ya ce kwastan sun riƙe kaya, in ƙara 20,000. A'a, na mota ne ya fara zuwa, 15,000, sannan na kwastan. Ko ma wanne ne, 185,000 cif suka fita daga asusuna, rasit ɗin duk suna nan. Sunan da ke kan asusun na mace ne, ya ce na maiɗakinsa ne, kuma 'yan kasuwa nawa ne na gaskiya suke karɓar kuɗi haka?

Kaya sun iso tasha a kwali an nannaɗe da salatif, da nauyinsu. Na jona a ɗakin Hajiya da daddare, janareta yana aiki. Fitilar ta kama, akwatin ya soma wani "shuuu" irin na ruwan sama, janaretan maƙwabci kuwa yana nan yadda yake. Hajiya ta yi shiru can ta ce, "Babana, kashe abin nan, yanzu ƙara biyu nake ji." Kunyar da na ji a gabanta ba ta faɗuwa, don tun kafin kayan su zo na riga na ce mata wahalarta ta ƙare. Na kira shi, ya ce in bar ta a kunne sai ta saba da ɗakin. Na bari. Kafin nan ma ya taɓa ce min akwai garantin shekara. Yanzu layinsa a kashe, ya toshe ni a WhatsApp.

Mai gyaran rediyo na unguwarmu ne ya kwance ta a gabana. 'Yar lasifika ɗaya, ɗan allo mai katin memori da aka ɗora wa sautin ruwa, fitilar nan, sai guntun rodi da aka manna da gam don akwatin ya yi nauyi. 'Yan hudojin da aka ce na makirfo ne babu komai a bayansu, ko waya. Ya ce, "Alhaji, abin da ba ya jin ƙara ta yaya zai kashe ta?"

Ɗan yayata da ya karanta injiniya ya ƙara min bayani, kuma da na san haka ma raina ya ƙara ɓaci, don mutumin nan ya san abin da yake yi. Na'urar gaske sai ta ji sauti da makirfo, sannan ta fitar da kishiyarsa: inda wancan ya turo iska, wannan ya janye, su haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya su kashe juna. A kunne abin yana yiwuwa don wurin ɗan ƙarami ne a rufe. A ɗaki kuwa sauti yana bugun bango da silin da tayil yana dawowa ta ko'ina. Wurin da shirun yake samuwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na tsawon zangon sautin ba, wato tazarar da sautin yake ci a kaɗawa ɗaya. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka rugugi mai kauri da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa zangonsa mita 3.4 ne, shirunsa wajen santimita 34. Siririn sauti mai sau 1,000 kuwa shirunsa santimita 3 da ɗoriya. Ka gusa gefe, ana iya samun inda biyun za su haɗu ƙarar ta ƙaru. A 2020 masu bincike a jami'ar Nanyang ta Singafo sai da suka jera lasifika 24 a taga ɗaya, kuma rage ƙarar suka yi da kamar desibel 10 a ma'aunin ƙarfin sauti, ba kashe ta ba. Shi kuma ya sayar min da lasifika ɗaya da rodi a kan 185,000.

Duk wanda ya ce yana da akwatin da zai sa ɗaki tsit, kada ku tura masa kuɗi, ko ya yi muku bidiyo. Ku toshe kafofin taga da ƙasan ƙofa, ku roƙi mai janareta ya janye shi daga katanga, ya ɗora shi a kan roba, ya gyara salansa.

Na kai ƙorafi bankina, zan kuma kai wa EFCC. Hotunan hirarmu, rasit, da hoton cikin akwatin duk zan sa su, ina rufe lambobin asusuna ne tukuna. Wanda ya san an yi masa irin wannan ya yi min magana mu haɗa takardunmu mu kai tare.