Takin Flourish Tabs da Farfaɗo da Shukar Tankin Kifi

Shukar Amazon sword ta fi cin abinci ta saiwa, saboda haka idan sabbin ganyayenta suka fara fitowa rawaya-rawaya, alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe, takin ruwa kaɗai ba kasafai yake wadatar da ita ba. A nan ne ƙwayoyin Flourish Tabs na kamfanin Seachem suka yi mini rana. Ana cusa su cikin tsakuwa kusa da gindin shukar, a sabunta bayan wata 3 zuwa 4. Tsofaffin ganyayen da suka lalace ba sa dawowa, yanke su na yi, amma sababbin sun fito kore shar. Aikin yana ɗaukar makonni, kuma dole hasken tankin ya wadata.